Yadda Aka Gano Abin da Ke Sa Jinina Faɗuwa Idan Na Miƙe Tsaye

Duk awon jinin da aka yi mini a shekarun baya a zaune aka yi shi, hannuna a ɗore bisa tebur, kuma sakamakon bai taɓa tayar wa kowa da hankali ba. Wani lokaci ma lambar takan ɗan haura, har ta kai an rubuta mini maganin hawan jini. A daidai wannan lokacin kuwa, da ƙyar nake iya tsayuwar minti biyar a wuri guda ba tare da idanuna sun fara rufewa ba. Haka abubuwan nan biyu suka yi ta tafiya tare, takardar asibiti tana cewa babu wata damuwa, jikina kuma yana musantawa, har sai da aka samu likitar da ta auna ni a kwance, sannan ta sake auna ni a tsaye. Daga nan aka shiga jerin gwaje-gwajen da suka tabbatar da cewa jijiyoyin da ke tafiyar da ayyukan jikina ba tare da umarnina ba sun lalace, kuma wannan lalacewar ce ke sa matsin jinina faɗuwa da zarar na miƙe.

Na doshi shekara sittin lokacin da abin ya bayyana sosai. Safiya ce ta fi tsanani. Ina saukowa daga gado sai jiri ya ɗebe ni, ganina ya fara dusashewa daga gefe zuwa tsakiya, muryoyin mutanen gida su yi nisa, gwiwoyina kuma su saki. Idan na zauna nan take, cikin minti ɗaya ko biyu komai yakan dawo daidai, kuma wannan saurin dawowar ne ya sa aka daɗe ana danganta abin da gajiya ko ƙarancin barci. Akwai kuma wani ciwo mai nauyi da ke kama bayan wuyana ya bazu zuwa kafaɗu biyu, wanda likitoci ke kwatanta siffarsa da ta hangar rataye riga. Babu man shafawa ko tausar da ta taɓa shi, amma da na kwanta sai ya tafi da kansa, domin asalinsa tsokokin wuya da kafaɗa ne ba sa samun isasshen jini idan mutum yana tsaye. Bayan cin abinci mai yawa abin yakan ƙaru, haka ma a lokacin zafi ko bayan wanka da ruwan zafi. Sumar da ta fi tayar da hankalin iyalina da dare ta faru, bayan na tashi yin fitsari. Na farfaɗo ne a ƙasa da tsaga a goshi, matata tana yayyafa mini ruwa.

Likitar da na gani bayan wannan faɗuwar ta fara ne da tambayoyin da a lokacin na ɗauka ba su da alaƙa da abin da ya kawo ni. Ta tambaye ni ko ina yin gumi kamar da, ko bayan gida yana yi mini wuya, sau nawa nake tashi fitsari da dare, ko mafitsarata tana zubar da komai, ko an samu rauni a mu'amalar aure, sannan ko ina jin ƙanshi da wari yadda ya kamata. Sai da ta tambaya na ankara cewa na daɗe rabona da jiƙa riga da gumi, ko da kuwa kowa yana kuka da zafi. Bayan ta gama rubutu sai ta ce, "Baba, za mu yi awon nan sau uku. Ka kwanta tukuna, kada ka yi magana, kada kuma ka motsa." Na yi minti biyar a kwance kafin ta ɗaura mini ma'aunin, ya nuna 158 a sama, 92 a ƙasa, zuciya tana bugawa sau 68 a minti. Sai ta sa na miƙe, wata ma'aikaciyar jinya tana tsaye a gefena don kada in faɗi. Bayan minti ɗaya lambar sama ta koma 104. Da aka cika minti uku ta sauka zuwa 86, ta ƙasa kuma 55, ni kuwa ina riƙe da bakin gado, duhu ya fara rufe ni. Bugun zuciya bai wuce 73 ba.

Ƙa'idar da likitoci ke bi wajen wannan awo a bayyane take. Idan lambar sama ta ragu da 20 ko fiye, ko kuma ta ƙasa ta ragu da 10 ko fiye, a cikin minti uku da miƙewa, kuma ta tsaya a haka, to an tabbatar da faɗuwar matsin jini ta tsayuwa. Ga wanda jininsa ke hawa idan yana kwance, akan fi dogara da raguwar 30. Tawa ta haura 70. Sai dai abin da likitar ta sa wa alama a takardar shi ne bugun zuciya. Ta bayyana mini cewa idan jinin mutum ya faɗi saboda ƙarancin ruwa a jiki ko zubar jini, zuciyarsa takan ƙara sauri sosai don ta cike giɓin, wanda ke nuna cewa saƙo yana isa gare ta. Idan kuwa jinin ya yi irin wannan faɗuwar amma bugun bai ƙaru da ko 15 a minti ba, alama ce mai ƙarfi cewa matsalar tana cikin jijiyoyin da ke kai saƙon, muddin dai mutum ba ya shan maganin da ke rage saurin zuciya. Nawa da biyar kawai ya ƙaru.

A nan ne na fara fahimtar aikin da jiki ke yi duk lokacin da mutum ya tashi tsaye, aikin da mai lafiya ba ya ma sanin ana yin sa. Da zarar mutum ya miƙe, nauyi yakan janyo jinin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya ya taru a ƙafafu da cikin ciki, sai wanda ke komawa zuciya ya ragu. A bangon manyan hanyoyin jini na wuya, da kuma babbar hanyar da ta fito daga zuciya, akwai ƙananan ma'aunai da ke jin wannan raguwar nan take, su aika da labari zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Daga can umarni ke saukowa ta cikin laka zuwa jijiyoyin da suka kewaye hanyoyin jini, su kuma su saki wani sinadari da ake kira noradirenalin, wanda ke sa hanyoyin su tsuke, zuciya kuma ta ƙara ƙaimi. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi yake kammaluwa. A jikina ma'aunan suna ji, ƙwaƙwalwa tana ba da umarni, amma jijiyoyin ƙarshe da ya kamata su saki sinadarin sun lalace, saboda haka hanyoyin jinin sukan zauna a sake, jini ya kwanta a ƙasa, ƙwaƙwalwa kuma ta rasa rabonta. Wannan rukunin jijiyoyi shi ne dai ke kula da gumi, da motsin hanji, da mafitsara, abin da ya sa tambayoyin likitar suka bi ta can.

Kafin a ɗora laifin a kan jijiyoyi sai da aka kawar da sauran dalilai, kuma wannan matakin ya ɗauki lokaci fiye da yadda na so. An ce in kawo duk magungunan da nake sha a cikin kwalayensu. Biyu daga ciki suna iya jawo irin wannan matsala: maganin hawan jinin da aka ba ni, wanda irin mai sa yawan fitsari ne, da wani da nake sha don sauƙaƙa fitar fitsari, wanda aikinsa shi ne sassauta tsokoki, har da na hanyoyin jini. Magungunan ƙuncin rai na wasu nau'o'i da na ciwon ƙirji su ma sukan yi haka, kuma a wajen tsofaffi da yawa, da an gyara magani matsalar take gushewa. An dakatar da nawa a hankali. An ɗebi jini an duba ƙarancinsa, da sukari, da aikin ƙoda, da bitamin B12, da sinadaran da ke nuna lafiyar ƙullun da ke saman ƙoda, an kuma ɗauki zanen bugun zuciya da hotonta. Ciwon sukari na cikin manyan abubuwan da ke lalata waɗannan jijiyoyi a duniya, don haka an duba shi da kyau, amma ba a same ni da shi ba. Bayan an daina magungunan na ɗan samu sauƙi, sai dai da aka maimaita awon kwance da tsaye, faɗuwar tana nan, zuciya kuma ba ta amsawa.

Daga nan aka tura ni ɗakin gwajin jijiyoyi masu sarrafa kansu. An umarce ni da in zo da safe, kada in sha shayi ko kofi, kada kuma in ci abinci na wasu sa'o'i kafin lokacin. Ɗakin shiru yake, babu zafi babu sanyi, a tsakiyarsa akwai gado mai faranti a wajen ƙafa da ɗamaru masu faɗi. Ma'aikacin ya kwantar da ni, ya ɗaure ni a ƙirji da cinyoyi, ya liƙa mini wayoyin zuciya, sannan ya sa mini wani ƙaramin zobe mai hura iska a yatsa, wanda ke auna matsin jini a kowane bugu. Ina jin zoben yana matse yatsana yana saki, a gefe kuma wani layi yana hawa yana sauka a allon kwamfuta. Gwajin farko mai sauƙi ne: in ja numfashi mai zurfi in sake shi a hankali, sau shida a minti, ina bin wata alama a allon. Zuciyar mai lafiya takan ƙara sauri idan ya ja numfashi, ta rage idan ya sake shi. Tawa kusan a miƙe layinta ya tafi. Na biyu shi ne in hura cikin wani bututu da ƙarfi, in riƙe allurar ma'auni a kan 40 har daƙiƙa 15. A jikin mai lafiya, jinin da ya fara sauka yayin hurawar yakan fara farfaɗowa tun kafin a daina, kuma da an saki sai ya yi tsalle ya wuce inda yake da farko. Nawa ya yi ta gangarowa har na saki bututun, sannan ya rarrafo a hankali, babu tsallen.

Sai aka zo kan gadon kansa. Ma'aikacin ya ce, "Baba, zan ɗaga ka yanzu. Kada ka motsa ƙafafunka, kuma duk abin da ka ji ka faɗa mini." Gadon ya fara miƙewa a hankali har ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, ƙafafuna a kan farantin, nauyina a jikin ɗamarun. Hikimar wannan gwajin ita ce mutum yana tsaye amma tsokokin ƙafarsa ba sa aiki, don haka babu abin da ke taimakon jijiyoyin, kuma duk rauninsu a fili yake fitowa. Ina kallon layin a allon yana gangarowa. Da farko wuyana ne ya yi nauyi, sai gefen ganina ya yi toka-toka, sai maganar ma'aikacin ta fara yi mini nisa. Na ce masa na fara tafiya, shi kuma ya riga ya ga haka a lambobin, ya mayar da gadon a kwance. Cikin ɗan lokaci layin ya haura, har ya wuce inda ya fara. An ɗebi jinina sau biyu ta allurar da aka bari a hannuna, ɗaya a kwance, ɗaya a miƙe, domin auna noradirenalin. A jikin mai lafiya sinadarin yakan kusan ninkawa idan ya tashi tsaye, ni kuwa nawa ƙasa yake tun a kwance, kuma bai yi wani motsin kirki ba da aka ɗaga ni. Gwajin gumi, wanda aka yi da wasu ƙananan kofuna da aka ɗaura mini a hannu da ƙafa, shi ma ya nuna raguwa sosai.

Tambayar da ta rage ita ce me ya lalata jijiyoyin. Likitan ƙwaƙwalwa ya sa na yi tafiya a gabansa, na juya, na taɓa hancina da yatsa, na buɗe hannu na rufe da sauri, ya lanƙwasa gaɓoɓina yana neman tauri, aka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Abin da yake nema shi ne alamun cutar Parkinson, mai sa karkarwa da taurin jiki, ko wata cuta mai tsanani da ke lalata sassa da dama na ƙwaƙwalwa lokaci guda, ko kuma wani nau'in gushewar tunani, domin dukansu suna iya zuwa da irin wannan faɗuwar jinin. Abin da ya haɗa su shi ne wani furotin mai suna alfa-sinukilin da ke taruwa a inda bai kamata ba. Bai samu ko ɗaya daga cikin alamun ba. Sakamakon da aka rubuta shi ne gazawar jijiyoyi masu sarrafa kansu zalla, wato wadda ba ta taɓa motsi ko tunani ba, cutar da likitoci biyu a Amurka, Bradbury da Eggleston, suka fara bayyanawa a 1925. Ba ta da maganin da ke warkar da ita, amma a hankali take tafiya, kuma akwai abubuwa da yawa da za a iya yi don rage wahalarta.

Akwai gwaji ɗaya da ya rage, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne tasiri a kan yadda nake rayuwa yanzu. An ɗaura mini ma'aunin jini na sa'o'i 24, wanda ke matse hannuna lokaci zuwa lokaci dare da rana, ni kuma ina rubuta abin da nake yi a kowane lokaci. Takardar da ta fito ta nuna cewa da rana, idan ina tsaye, jinina ƙasa yake, amma da dare, ina kwance, yakan haura 180. Kusan rabin masu irin wannan lalura suna da wannan hawan jinin na kwance, kuma dalilin ɗaya ne: jijiyoyin da suka kasa ɗaga jini idan ya faɗi, tsarin nasu ba ya iya saukar da shi idan ya hau. Matsalolin biyu kuma suna ciyar da juna. Idan jini ya hau da dare, ƙoda takan ɗauka ruwa ya yi yawa a jiki, sai ta yi ta fitar da ruwa da gishiri, mutum ya kwana yana zirga-zirgar fitsari, ya wayi gari jikinsa a bushe, wanda shi ne dalilin da ya sa safiya ta fi muni. Likitar ta ce mini, "Baba, ba za mu iya mayar da lambobin nan daidai ba. Duk abin da ya ɗaga na tsaye zai ɗaga na kwance. Abin da muke nema shi ne ka iya tsayuwar da za ta ishe ka yin harkokinka ba tare da faɗuwa ba, kuma kada na daren ya yi yawan da zai cutar da zuciya da ƙoda." Ban ji daɗin maganar ba a ranar, domin na zo ne da fatan a ba ni ƙwaya guda a sallame ni, amma ita ce gaskiyar lamarin.

An fara da matakan da ba na magani ba, kuma na farko shi ne gado. An ce a ɗaga gefen kai da kamar santimita 15 zuwa 23, ta yadda jiki gaba ɗaya zai karkata, kai a sama, ƙafa a ƙasa. Tara matasan kai ba ya yin wannan aikin, domin wuya kawai yake lanƙwasawa, don haka sai da aka sa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun gadon biyu na wajen kai. A dararen farko na yi ta zamewa, in farka in tarar da ƙafafuna sun tokare ƙarshen gadon, har sai da muka sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin cinyoyina. Matata ma ta sha nata, tunda gadon ɗaya ne. Amma karkatar tana rage hawan jinin dare, tana rage fitsarin dare, kuma safiyata ta fara sauƙi. Kwanciya a miƙe da rana kuwa an hana ni ita. Idan na gaji, kujera mai jingina nake nema.

Na biyu shi ne ruwa, kuma yadda yake aiki ya ba ni mamaki. Ban da shan lita biyu zuwa biyu da rabi a yini, an koya mini in shanye rabin lita na ruwa zalla cikin minti uku ko huɗu. A jikin mai irin lalurata wannan yakan ɗaga matsin jini cikin minti biyar zuwa goma, ya kai ƙololuwa wajen rabin sa'a, ya kuma ɗauki kamar sa'a ɗaya kafin ya lafa, tun kafin ruwan ya gama shiga jini. Yanzu kwalba tana kwana a gefen gadona. Idan na farka sai in zauna a bakin gado, in shanye ta, in motsa ƙafafuna, in jira kamar kwata na sa'a kafin in miƙe. Haka nake yi kafin duk wata fita da na san za ta sa ni tsayuwa. An kuma ƙara mini gishiri, abin da ya ɗaure wa 'yata kai, tunda shekaru muna jin ana cewa a rage shi. Sai dai wannan shawara ce da likita kaɗai zai bayar bayan ya duba zuciya da ƙoda, domin ga mai raunin ɗayansu haɗari ce. Abinci kuma an ce in rarraba shi kaɗan-kaɗan, in rage mai sitaci da zaƙi, saboda bayan cin abinci jini yakan taru a hanji, kuma jikina ba ya iya rama wannan.

An ba ni safa mai matse ƙafa da ɗamarar ciki. Safar da ta tsaya a gwiwa ba ta yi mini wani amfani ba, wadda ta kai ƙugu kuma sa ta aiki ne babba, ga zafi. Ɗamarar cikin ce ta fi, kuma akwai dalili, domin mafi yawan jinin da ke taruwa a cikin ciki yake. Ina ɗaura ta kafin in sauka daga gado, in kwance ta idan zan jingina. Mai koyar da motsa jiki ta nuna mini dabarun gaggawa: in harɗe ƙafafu in matse cinyoyi da ɗuwawu, in yi ɗage a kan yatsun ƙafa, in ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, ko in tsuguna idan duhun ya matso. Tsugunawa ce ta fi saurin aiki, ko da yake ita ce ta fi jawo kallon jama'a, kuma tashi daga gare ta yana buƙatar a bi a hankali. Motsa jiki ba a daina shi ba, domin zaman wuri ɗaya ƙara lalata al'amarin yake yi, sai dai an mayar da shi irin wanda ake yi a zaune ko a kishingiɗe. Fitsarin dare a zaune nake yin sa, wanka kuma da ruwa mai ɗumi kaɗan, a kan kujera.

Da waɗannan suka kai iyakarsu sai aka ƙara magani. An fara mini da midodirin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996, kuma aikinsa shi ne tsuke hanyoyin jini kai tsaye, wato abin da jijiyoyina suka kasa yi. An fara da miligiram 2.5, aka riƙa ƙarawa a hankali. Ba a cika wuce miligiram 10 a sha ɗaya ba. Aikinsa na 'yan sa'o'i ne, don haka lokacin shan sa ya fi komai muhimmanci: ɗaya kafin in tashi da safe, ɗaya wajen tsakar rana, na ƙarshe kuma da la'asar, aƙalla sa'o'i huɗu kafin kwanciya, kuma ba na kwanciya a miƙe muddin yana jikina. Yana sa fatar kaina ƙaiƙayi, tsigar jikina ta riƙa tashi, kuma an gargaɗe ni cewa yana iya riƙe fitsari. An gwada mini fuludirokotizon, wanda ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, amma ƙafafuna suka kumbura, sinadarin fotashiyam ya ragu, na daren kuma ya ƙara hawa, sai aka janye shi. Akwai wani mai suna dirokzidofa, wanda jiki ke mayarwa noradirenalin. An daɗe ana amfani da shi a Japan kafin Amurka ta amince da shi a 2014, amma ba a kowace ƙasa ake samun sa ba.

Duk wannan daidaitawar da littafin awo aka yi ta. Ina auna jinina a kwance kafin in tashi, sannan a tsaye, wani lokaci bayan cin abinci, da kuma lokacin kwanciya, ina rubuta yanayin da nake ciki a gefen kowace lamba, domin lambar da ba a faɗi ko a kwance ko a tsaye aka ɗauke ta ba babu abin da take gaya wa likita game da ni. Wannan ya zama da muhimmanci ranar da zazzaɓi da gudawa suka kai ni asibiti, aka auna ni a kwance aka ga lamba mai tayar da hankali, har aka fara shirin ba ni maganin saukar da jini mai dogon aiki. 'Yata ta ce, "Likita, don Allah a duba katin nan tukuna," ta miƙa takardar da likitata ta rubuta mini, wadda ke bayyana cutar, da magungunana, da cewa matakin farko idan jinina ya hau shi ne a ɗaga kan gadon ko a zaunar da ni. Aka zaunar da ni, lambar ta sauko da kanta. Rashin lafiya irin wannan, ko kwana biyu a gado, yakan mayar da ni baya sosai, kuma sai a hankali nake komawa inda nake.

Yanzu ana duba ni lokaci zuwa lokaci, kuma kowace ziyara tana da kashi biyu. Na farko na jini ne: awon kwance da tsaye, duba littafina, gwajin ƙoda, da tambayar minti nawa nake iya tsayuwa kafin alamun su fara, wadda ita ce ma'aunin da muka fi dogara da shi. A da ba na cika minti biyar, yanzu da safe bayan ruwa da magani nakan kai kwata na sa'a, da yamma kuma fiye da haka, ko da yake ranakun zafi suna rage wannan. Kashi na biyu na ƙwaƙwalwa ne, domin wani kaso na masu wannan cuta daga baya sukan nuna alamun Parkinson ko ɗaya daga cikin 'yan uwanta, kuma akwai abubuwan da ke yawan riga su bayyana. Likitan yakan gwada jin ƙanshina, ya kalli tafiyata da rubutun hannuna, sannan ya juya ga matata ya ce, "Hajiya, yana yin ihu ko kai duka a cikin barci, kamar yana aikata mafarkinsa?" Zuwa ziyarar da ta wuce amsarta a'a ce, kuma an bar magungunana yadda suke, in ban da sha na ƙarshe da aka ce in riƙa yi da wuri da sa'a ɗaya saboda lambobin dare sun ɗan haura.